Hayaƙin Gona Da Lafiyar Iyalinka

Maigida, kowace shekara idan an kawar da amfanin gona, hunturu ya kama, kana ganin hayaƙi yana tashi ta ko'ina. Wani yana ƙona sauran kara, yara sun cinna wa daji wuta don farautar gafiya, makiyayi kuma yana son sabon tsiro. Da yake kowa ya saba da shi, ba mai ɗaukarsa cuta. To, cuta ce.

A cikin hayaƙi akwai wata ƙura mai laushi ƙwarai wadda ido ba ya gani. Sai an jera ƙwayoyinta kamar talatin kafin su kai kaurin silin gashi guda. Gashin hanci ba ya tare ta. Takan wuce har cikin huhu, daga nan ta shiga jini. Ita ke tayar da asma, ta kawo tari da ciwon huhu ga yara, ga manya kuwa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a duniya.

Masana masu duba ƙasa da tauraron ɗan'adam sun gano cewa daga 1998 zuwa 2015 faɗin ƙasar da wuta ke ci a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yawanci a dazuzzukan ciyawa irin namu. Dalili kuwa, gonaki sun cinye dajin. Amma kada ka yi saurin murna, gama hayaƙin matsowa ya yi kusa da gida. A zamanin kakanninka juji ganye ne da ƙaiƙayi. Yau leda ce da robobi da tsohuwar taya, hayaƙinsu kuwa ya fi na kara dafi. Ga babur, ga janareto, ga injin niƙa, ga injin ban ruwa a fadama. Duk wannan ya haɗu da ƙurar hunturu, yaronka ke shaƙa.

Dubi jihar Punjab ta Indiya. Manoma can suna ƙona tushiyar shinkafa a watan Oktoba da Nuwamba don su yi saurin shuka alkama. Iska takan kwashi hayaƙin har birnin Delhi, wani lokaci sai an rufe makarantu. Noman rani yana yaɗuwa a nan, kada mu bi sawunsu.

Waɗansu sukan ce toka taki ce. Akwai ɗan amfani a cikinta, gaskiya ne, amma sinadarin da ke sa ganyen dawa ya yi kore shar yana bin hayaƙi ya tafi, kāna ka je kasuwa ka sayi irinsa a buhu. Tun 2011 Nijeriya ta kafa doka kan ƙona daji da ƙona shara a fili.

Saboda haka kara ya tafi danga ko gaban dabbobi. Sauran ka zuba a rami tare da kashin shanu, ka riƙa yayyafa ruwa, ya ruɓe kafin damina. Kada ka ƙona leda a ƙofar gida. Ranar da hayaƙi ya turnuƙe, a nisanta jarirai da masu ciki da tsofaffi daga inda iska ke kai shi.

Idan yaro yana tari, yana numfashi da sauri, ko ka ga ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, kai shi ɗakin shan magani ran nan, kada a kwana.