Abincin Kyanwa da Lafiyarta

Jama'a, a gidajenmu da yawa ana ajiye kyanwa don ta tsare rumbu daga ɓera, amma ladanta bai wuce ƙanzo da ragowar tuwo ba. Wasu ma ba sa ba ta komai, wai in ta ƙoshi za ta daina farauta. Ba haka ba ne. Farauta halinta ce, ko cikinta a cike za ta yi. Wadda yunwa ta dama ita ce ke buɗe tukunyar uwargida da dare. Kuma Musulmi ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Sai mai kyanwa ya sani, Allah Ya halicce ta maciyar nama ce zalla. Duba bakinta: babu turamen niƙa hatsi, sai fiƙoƙi da haƙoran yanka. Hanjinta kuma gajere ne. Kare yana iya maneji da tuwo da ɗan romo, ita ba ta iyawa. Akwai wani sinadari mai suna taurin da ake samu a nama da kifi, musamman zuciya, babu shi a gero ko dawa ko shinkafa. Jikin mutum yana haɗa nasa, na kyanwa ba ya haɗa abin da zai ishe ta. In ta daɗe ba ta samu ba, ganinta ya riƙa raguwa har ta makance, makantar da ba ta warkewa, zuciyarta kuma ta kumbura ta kasa harba jini. A shekarar 1987 wani likitan dabbobi, Paul Pion, da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka tabbatar da cewa rashin taurin ne ke kawo wannan ciwon zuciya. Daga nan kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara shi a kayansu, ciwon ya ragu ƙwarai.

To, kada wani ya ji haka ya ce shi ke nan, tsoka zalla zai riƙa ba ta. Kyanwa in ta kama ɓera, da ƙashi da kayan ciki take ci. Tsoka ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi, shi ya sa ɗan kyanwar da aka raina da ita kaɗai yake tasowa da ƙafafu marasa ƙwari, ya yi ɗan tsalle ya karye. A nemi yankakken nama da zuciya da ƙundu wajen mahauci, a dafa ba gishiri ba magi, a barbaɗa ɗan garin ɓawon dafaffen ƙwai. Hanta tana da amfani, amma kaɗan kaɗan, don yawanta kullum yana sandarar da ƙashin wuya. Dafaffen ƙashin kaza kuwa tsagewa yake yi ya soke hanji.

Miyarmu fa? Nan haɗarin yake, domin da wuya a sami miyar da ba albasa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Za ka ga dasashinta ya yi fari, tana haki, ta kasa tashi. Madara ma da ake ɗauka gata ce, yawancin kyanwoyi bayan yaye ba sa iya narkar da ita, sai zawo ya biyo baya. Kifi a dafa shi a cire ƙaya, don ɗanyen wasu kifayen yana lalata bitamin B1 a jikinta har ta riƙa tangaɗi.

Batun ruwa ba a cika kula da shi ba. Kakannin kyanwa na busassun wurare ne, ba ta saurin jin ƙishi, a jikin abin da ta kama take samun ruwa. Ɓera kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, busasshen abincin leda da ake saya a kanti kuwa bai wuce kashi 10 ba. Saboda haka mai ba da irin wannan ya ajiye kaskon ruwa mai tsabta a inuwa, yana sakewa kullum, balle a watannin bazara. In ka ga muzuru yana tsugunawa yana nishi fitsari bai fito ba, mafitsara ce ta toshe. A kai shi asibitin dabbobi a ranar, domin kwana biyu na iya kashe shi.

Masu hali kuma su rage shagwaɓa. Ƙiba tana jawo wa kyanwa ciwon sukari. Amma kada a rage mata abinci farat ɗaya, domin mai ƙiba in ta kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta.

Gidan da aka zuba shinkafar ɓera, a killace kyanwa a kwashe mushen, don in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta ci. Mai yawan cin ɓera da ƙadangare tana kwasar tsutsar ciki, sai a karɓo mata magani wajen likitan dabbobi. In kuwa ta yi rashin lafiya, kada a kuskura a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.