Amsoshin Tambayoyinku: Da Gaske Ne Labarin Kumbo Afolo 13?

TAMBAYA: Ni bakaniken babur ne a unguwar Zango, birnin Wagadugu. Wani ƙanena ya tura mini fim ɗin Apollo 13 a waya, na kalle shi sau huɗu, kuma kowane karo sai gabana ya faɗi kamar ban san ƙarshensa ba. Amma a majalisarmu ta shayi gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu sun ce ƙirƙirar Turawa ce daga farko har ƙarshe, ni kuwa na ce ya faru. Malam, a raba mu.

AMSA: Malam bakanike, ka ci gardama, sai dai kada ka yi saurin karɓar kuɗin shayi, domin abokanka ma suna da ɗan rabo a ciki.

Tafiyar ta faru. Kumbon ya tashi daga jihar Fulorida ta Amurka ranar 11 ga Afrilu, 1970, ɗauke da mutum uku: Jim Lovell, wanda shi ne jagora, da Fred Haise da Jack Swigert. Niyyarsu su zama ayari na uku da ya sauka a kan wata. A lokacin mutanen Amurka sun fara gajiya da labarin, har manyan gidajen talabijin suka ƙi nuna gaisuwar da matafiyan suka aiko daga sama. Wannan wurin da ka gani a fim, inda iyalin Lovell ke zaune suna kallon abin da sauran ƙasa ba ta kallo, haka ya kasance. Ba a jima da gama gaisuwar ba, bayan kamar awa 56 da tashi, suna da nisan kusan kilomita 320,000 daga duniya, sai tankin iskar oksijin ya fashe.

Tunda kai mai gyara ne, bari in tsaya a kan dalilin fashewar, don fim ɗin ya ratsa ta nan da gudu. Tun a 1968 tankin ya ɗan suɓuce a masana'anta, faɗuwar da ba ta wuce santimita biyar ba, aka duba aka ce lafiya lau. Ana sauran makonni a tashi, da aka gwada shi sai ya ƙi zubar da iskar da ke cikinsa yadda ya kamata, injiniyoyi suka kunna na'urar ɗumama shi na sa'o'i don iskar ta fita. Makunnin da zai yanke wuta in zafi ya yi yawa an ƙera shi ne don volt 28, su kuwa suka ba shi 65. Ya narke ya manne, zafi ya cinye rigar wayoyin da ke cikin tankin, ba wanda ya sani. Can a sama, da cibiyar kula da tafiyar da ke Houston ta ce wa Swigert ya kunna fankar da ke motsa iskar, tsiraran wayoyi suka yi tartsatsi. Ka san irin wannan a garejinka: waya ɗaya da ta goge a ƙarƙashin tanki, mai babur na ta yawo hankali kwance, har ranar da za ta nuna hali.

Abin da ya cece su shi ne ƙaramin kumbon da ya kamata ya sauke mutum biyu a kan wata, wanda suka sa wa suna Aquarius. An gina shi ne ya riƙe mutum biyu na kamar kwana biyu, sai ga shi ya ɗauki uku na kusan kwana huɗu. Suka kashe uwar kumbon don adana batir, suka zagaya ta bayan wata, suka kai nisan kilomita 400,171 daga gida, nisan da ɗan Adam bai taɓa kaiwa ba kafin su. Sanyi ya sauka zuwa wajen digiri uku. Ruwan sha kuwa bai wuce ƙaramin kofi guda ba ga kowane mutum a yini, har Haise ya kamu da ciwon mafitsara, Lovell ya rame da kusan kilo shida.

Na tabbata wurin da ya fi tsaya maka a rai shi ne inda aka zazzage tarkace a kan tebur aka ce wa injiniyoyi su haɗa mai kusurwa huɗu da mai da'ira. Nan ne mutane suka fi cewa ƙarya ce, kuma nan ne gaskiyar ta fi ƙarfi. Numfashin da mutum uku ke fitarwa ya fara taruwa a ɗan ƙaramin ɗaki, matatun iskar Aquarius sun kusa ƙarewa. Akwai wasu a uwar kumbo, amma su masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuwa zagayayye ne. Wani injiniya mai suna Ed Smylie da mutanensa suka harhaɗa dabara da abin da suka san akwai a cikin kumbon kawai: leda, kwali, tiyon rigar sama jannati da salatif. Suka karanta wa matafiyan ta rediyo, mataki bayan mataki, kamar yadda kake kwatanta wa yaronka gyara ta waya in babur ya mace masa a hanyar Kudugu. Ta yi aiki. Ranar 17 ga Afrilu suka faɗo a tekun Fasifik, jirgin ruwan soja mai suna Iwo Jima ya tsamo su da ransu.

To, yanzu rabon abokanka. Ron Howard ne ya shirya fim ɗin a 1995, daga littafin da Lovell ya rubuta tare da Jeffrey Kluger, Tom Hanks ya fito a matsayin Lovell. Mai fim kuwa sai ya sa gishiri. Cacar bakin da aka nuna tsakanin Haise da Swigert, ana zargin juna kan wa ya jawo fashewar, matafiyan da kansu sun ce ba a yi ta ba. Wanda ya saurari faifan maganarsu da Houston zai yi mamakin yadda muryoyinsu suke a kwance, kamar masu lissafin kaya a shago. An kuma nuna Swigert kamar wanda ake shakkar ƙwarewarsa, alhali yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin matakan gaggawa na uwar kumbo. Shahararriyar maganar nan da aka sa a bakin Gene Kranz, jagoran ɗakin kula da tafiyar a Houston, cewa babu zancen gazawa, bai faɗe ta a lokacin ba. Marubutan fim ne suka ƙago ta, ta yi masa daɗi har ya sa wa littafinsa ita daga baya. Kuma ba shi kaɗai ya ja ragamar ɗakin ba. Ayari huɗu ne ke karɓa-karɓa, kuma na Glynn Lunney ne ya karɓi aiki jim kaɗan bayan fashewar, lokacin da aka ƙaura zuwa Aquarius. Haka nan Ken Mattingly, wanda aka cire daga tafiyar don tsoron ya kamu da wani nau'in ƙyanda, an ɗora masa aikin mutane da yawa don labari ya yi sauƙin bi. Ƙyandar dai ba ta fito masa ba, kuma ya je ya zagaya wata da Afolo 16 a 1972.

A ganina gishirin bai ɓata miyar ba. Abin mamaki ma, zoben auren matar Lovell da ya faɗa magudanar banɗaki, wanda kowa ke ɗauka ƙarin mai fim ne, ya faru. Shawagin da 'yan wasan ke yi a iska kuma ba igiya ba ce. An ɗauke su ne a cikin jirgin NASA samfurin KC-135 da ke hawa ya sulmiyo, nauyi ya ɗauke na kamar daƙiƙa 25, a ɗauki hoto, a sake hawa, sau ɗaruruwa. Ku mutanen Wagadugu ba sai an koya muku darajar irin wannan wahala ba. A garinku aka fara bikin fina-finan FESPACO a Fabrairun 1969, wata biyar kafin Neil Armstrong ya taka wata, lokacin ƙasarku tana amsa sunan Haute-Volta.

Akwai kuma abin da nake so ka kai majalisa, ga masu cewa harkar sama ta Turawa ce mu ba ruwanmu. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta kafa tashoshi a kewayen duniya don bin sawun kumbunan shirin Mercury, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya zagaya duniya sau uku, bayan ya wuce tsibiran Kanari tashar Kano ce ke sauraronsa kafin ta Zanzibar. Idan ka nemi fim ɗin Hidden Figures na 2016, labarin wannan tafiyar ne, da matan nan baƙar fata irin su Katherine Johnson da suka yi lissafinta. A watan Agustan 1963 kuma Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta waya ta hanyar tauraron Syncom 2. Sunan Afolo kansa ya daɗe da zama ɗan gida a bakinmu: Alhaji Mamman Shata ya yi wa Afolo 11 waƙa, jan ciwon idon nan da ya ɓulla a Gana a 1969 kuma har gobe Afolo muke kiransa, don ya zo daidai da saukar kumbon a wata, ba don kumbon ne ya kawo shi ba.

In za ka kalla karo na biyar, ka zuba ido a ƙarshe, lokacin da Tom Hanks ya sauka a jirgin ruwa. Dattijon nan mai fararen kayan soja da ya miƙa masa hannu, Jim Lovell ne na gaskiya. Ya rasu a watan Agustan 2025 yana da shekara 97, bai taɓa taka wata ba duk da ya je kusa da shi sau biyu. A gaishe mana da 'yan majalisa da sauran mutanen Zango.