Darasin Girki: Magarya, Tuffar Ƙasarmu

Tuffa ba ta yi a ƙasar Sakkwato. Itacenta yana bukatar makonni masu yawa na sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, hunturunmu kuwa bai kai haka ba. Yawancin wadda ake sayarwa a birni daga ƙasashen waje ake kawo ta, musamman Afirka ta Kudu, shi ya sa take da tsada. Amma mutumin Tursa, da na Wurno, da Rabah, da Goronyo, yana da abin da ya fi ta amfani a bakin gonarsa, watau magarya.

Amfaninta
Magarya tana nuna da hunturu, lokacin da tari da mura suke damun yara. Tana ɗauke da bitamin C fiye da tuffa nesa ba kusa ba. Wannan sinadari yana taimakon jiki wajen warkar da rauni da ƙarfafa dasashi. Awaki suna cin ganyenta, ƙayarta kuma shinge ce.

A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, masana sun aurar da irin magaryar Indiya a kan tamu ta gida. 'Ya'yan da aka samu manya ne, masu ruwa da garɗi, har aka sa musu suna tuffar Sahel. Saiwar ta gida ce, don haka itacen yana jure fari.

Yadda ake akuri
1. A tsince busasshiyar magarya, a zubar da wadda tsutsa ta ci.
2. A daka ta a turmi a hankali, kada ƙwallon ya fashe.
3. A tankaɗe da rariya, a ware garin.
4. A yayyafa ruwa kaɗan, gwargwadon yadda garin zai haɗu in an dunƙula.
5. A turara a madambaci har ya kama jikinsa, sannan a shanya.
Ba ya bukatar sukari. In ya bushe sarai yakan daɗe bai lalace ba, ga shi da daɗin guzuri ga ɗan makarantar kwana.

Maɗin ɗinya
Ɗinya tana nuna wajen ƙarshen damina. A wanke nunannu, a jiƙa, a murje, a tace. A dafa ruwan a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa, har ya yi kauri ya yi baƙi. Ana zuba shi a kunu ko fura maimakon sukari.

Gargaɗi
Abin da aka tsinto a ƙasa sai an wanke shi da ruwa mai tsabta, don gudun gudawa. Kada a ba ƙaramin yaro magarya da ƙwallonta, tana iya maƙale masa a wuya.

Babbar matsala ita ce gatari. Ana sare magarya, da kanya, da ɗinya don itacen wuta, ba a dasa wasu. Kuɗin dami ɗaya kwana biyu ne, amma itacen da aka bari zai ciyar da gida shekara da shekaru. Ɗalibai, in kun je hutu, ku roƙi iyayenku su bar tsiron da ya fito a gona lokacin sharar daji.

Aikin gida
Rubuta sunayen 'ya'yan itatuwa biyar na garinku, da watan da kowanne yake nuna. Tambayi wata tsohuwa yadda ake sarrafa ɗaya daga ciki, ka kawo bayanin aji.