Darasin Mako: Baƙo da Neman Aiki a Shafin LinkedIn

Darasin wannan Juma'a na matasanmu ne masu takardu a hannu, maza da mata, da kuma iyayen da kullum suke tambaya, "Har yanzu dai shiru?"

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Sai ga shi a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, ƙungiyoyin agaji da yawa a Arewa maso Gabas suka rage ma'aikata. Gurbi ya yi kaɗan, masu nema kuwa kamar ƙasa.

To, ɗan gari yana da kawu a sakatariya, ko abokin babansa a kamfanin siminti na Ashaka. Mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwo gaya. Mu da muka zo Nasarawo daga Maiduguri, Damaturu, Mubi, Kano ko Katsina fa? Wa zai tsaya mana? A nan LinkedIn yake da amfani. Dandali ne na ma'aikata da masu ɗaukar aiki, an buɗe shi a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016. Ba Facebook ba ne, ba wurin hoton biki ko gardamar siyasa ba. Wuri ne da wanda bai san gidanku ba zai ga abin da ka iya, da mutanen da suka shaide ka.

Abin da yawancinmu ba su lura da shi ba shi ne yadda ake nemo mutum a ciki. Mai ɗaukar aiki ba ya bin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Kalma yake rubutawa, sunan sana'a da sunan gari, kwamfuta ta jero masa waɗanda kalmar ke shafinsu. Shi ya sa layin da ke ƙarƙashin sunanka ya fi komai nauyi. Wasu sukan rubuta a nan cewa suna neman aiki kowane iri. Haba! Wa zai zauna ya nemi "kowane iri"? Rubuta sunan aikin yadda ake rubuta shi a tallan guraben aiki, da Turanci, tunda da shi ake binciken: akanta, jami'in tattara bayanai, ma'aikaciyar jinya, mai haɗa sola. Ka haɗa da kayan aikin da ka ƙware a kansu, kamar Excel ko KoboToolbox ko AutoCAD. Ka sa Gombe a gurbin gari. In za ka iya zuwa Bauchi ko Yola ko Abuja, ka faɗa. Harsuna ma kada ka raina su. Wanda ke jin Hausa da Fulatanci da Barbarci, ko Tera ko Tangale, yana da abin da ɗan Legas mai digiri biyu ba shi da shi in aikin na shiga ƙauyuka ne.

Suna kuwa, wanda ke kan takardun makaranta za ka sa, ba "Abba Ɗan Borno" ba. Hoto na fuska, mai haske, kai kaɗai. 'Yar'uwa, hijabinki ba ya rage komai, kuma akwai inda za ki taƙaita masu ganin hoton in kin so.

Sai gurbin ayyukan da aka yi, inda matasa suka fi karaya. "Malam, ni fa ban taɓa aiki ba." Ka taɓa mana. Bautar ƙasa aiki ne. Watannin sanin makamar aiki da ka yi kana ɗalibi aiki ne. Riƙe lissafin shagon yayanka a Tudun Hatsi, zama a kan na'urar POS, koyarwa a Islamiyya, fita rigakafin shan inna, duk aiki ne. Yadda ake rubuta shi ne matsalar. A ce mutum ya rubuta "na yi aiki a shago", ba abin da ya faɗa. Amma in ya ce ya riƙe littafin shige da fice na buhunan masara shekara biyu, ya mayar da lissafin daga takarda zuwa Excel, yara uku suna aiki a ƙarƙashinsa, ka ga yanzu an san wane ne. Adadi, tsawon lokaci, da abin da ya sauya a hannunka. Sai dai fa adadin ya zama na gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne: tambaya biyu a wurin ganawa ta isa ta tona wanda ya ce ya iya abin da bai iya ba, kuma masu ɗaukar aiki a wannan yanki sun san juna. Wanda aka sallama saboda kuɗin ƙungiya ya yanke, ya rubuta watan da aikin ya ƙare ba tare da jin kunya ba. Kowa ya san abin da ya faru.

Daga nan ka nemi shaida. Akwai gurbin da tsohon maigidanka ko malaminka zai rubuta 'yan layuka a kanka, su fito da sunansa. A ganina, ga baƙo, wannan ya fi kwas biyar na intanet. Kira shi a waya tukuna, ku gaisa, ka tuna masa aikin da kuka yi tare, sannan ka tura buƙatar. Haka nan ka shiga shafin makarantarku, ko Jami'ar Jihar Gombe ce, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko ta Maiduguri, za ka ga tsofaffin ɗalibai da inda suke aiki yanzu. In za ka yi wa wani magana, bar "Ranka ya daɗe, a taimaka min da aiki". Gabatar da kanka a layi biyu, ka yi tambaya ɗaya da zai iya amsawa: wace ƙwarewa ake dubawa a sashensu?

Akwai koren zobe da ake sa wa hoto, alamar ana neman aiki. Wanda ke zaune ya sa abinsa kowa ya gani. Mai ɗan aiki a hannu ya zaɓi masu ɗaukar aiki kaɗai su gani, ko da yake kamfanin da kansa bai ba da tabbacin sirri ɗari bisa ɗari ba.

Sannan a kula, zoben nan yakan jawo 'yan damfara. Duk wanda ya ce a turo kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya kafin a ba da aiki, a rabu da shi. Kada a tura lambar BVN ko hoton katin NIN ga wanda aka haɗu da shi a saƙo. A duba ko gurbin yana shafin kamfanin na ainihi. In kuma an kira ganawa a wani gari, a tabbatar ofis ne sananne, a bar wa na gida adireshin da lambar wanda ya kira kafin a hau mota.