Amsar Tambaya: Sabon Zuwa a Kuala Lumpur

Wani ɗalibi daga Katsina ya rubuto cewa bai cika mako a Kuala Lumpur ba, amma barci ya ƙaurace masa, abinci ya ƙi shiga, har ya fara tunanin komawa gida.

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Agogon Malesiya yana gaban na Najeriya da awa 7, shi ya sa idonka yake biyu da tsakar dare. Daure ka guji barcin rana, ka rage hira da mutanen gida bayan isha'i. Jiki zai saba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne takardunka. Ana buƙatar sabon ɗalibi ya yi gwajin lafiya cikin kwana 7 da sauka, a asibitin da hukumar EMGS ta amince da shi, kafin a manna masa izinin karatu a fasfo. Gobe da safe ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku.

Abinci kuwa, halal ba ya wuya, nemi tambarin halal na hukumar JAKIM. Idan nasi lemak, wato shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, ta gundure ka, sayi tukunya ka dafa shinkafa da wake da mai da yaji. A masallaci kuma za ka ji liman yana bayyana bisimilla, yana alƙunutu a fili da asuba. Mazhabar Shafi'i suke bi, ka bi shi kawai.

Gargaɗina guda ne: kada ka riƙe wa kowa jaka ko ƙunshi, komai zumunci. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can yana iya kaiwa ga kisa.

Ka ba kanka wata ɗaya, sannan ka sake rubuto mana.