Darasin Wannan Wata: Kujera ko Ƙwaryar Ruwa?

Karatu: Markus 10:35-45; Yohanna 13:1-17; 1 Bitrus 4:12-16

Idan baƙo ya sauka a gidanmu da ƙurar hanya, wa ke kawo masa ruwa? Yaro ne, ko bara. Ba mu saba ganin maigida ya tashi daga buzunsa ya ɗauko ƙwarya da kansa ba. Haka abin yake a ƙasar Yahudawa. Wankin ƙafafun baƙi aikin mafi ƙanƙanta ne cikin bayin gida. Ku riƙe wannan a zuciya sa'anda kuke karanta darasinmu.

1. Almajirai biyu sun nemi kujera

Yaƙub da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, sun zo wurin Yesu suna roƙon wurin zama, ɗaya dama da shi, ɗaya hagu, cikin ɗaukakarsa. Sauran goman suka ji haushi, gama su ma abin da suke so ke nan. Ubangiji bai yi musu alkawarin kujera ba. Ya tambaye su ko sun iya shan ƙoƙon da shi za ya sha, wato ƙoƙon wahala. Suka ce sun iya. Wajen shekara ta 44 Sarki Hirudus ya sa aka kashe Yaƙub da takobi, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 12 ta nuna. Shi ne na fari da aka kashe saboda Sunan cikin manzanni goma sha biyu.

2. Ubangiji ya ɗauki ruwa

A daren da aka bashe shi, ba almajirin da ya tashi ya yi aikin bara. Sai Ubangiji da kansa ya tuɓe rigarsa, ya yi ɗamara, ya zuba ruwa, ya bi su ɗaya ɗaya. Bitrus ya ƙi tukuna, domin abin ya zama masa abin kunya. Ku lura kuma, Yahuda bai fita ba tukuna a lokacin. Ƙafafun da za su kai shi wurin manyan malamai, su ma an wanke su. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Yesu ya san daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma za shi, don haka durƙusawa ba ta rage shi da kome ba. Mutumin da ba ya iya yin ƙaramin aiki sai an yabe shi, bai tabbata da matsayinsa a wurin Allah ba tukuna.

3. Misalin wani ɗan Afirka

Kada wani ya ce wannan hanya ta manzanni ce kaɗai. Apolo Kivebulaya mutumin Buganda ne, cikin ƙasar Uganda. An yi masa baftisma a 1895. A 1896 ya tafi da ƙafa, ya haye kogin Semliki, ya kai Bishara garin Boga, wanda yake cikin ƙasar Kwango yanzu. Sarkin garin, Tabaro, ya ƙi shi, domin yana wa'azi a kan tsafi da shaye-shaye. A 1898 'yar'uwar sarkin ta faɗi a kan mashi ta mutu. Aka ɗora wa Apolo laifin, aka doke shi, aka kai shi kurkuku a Toro. Da aka sake shi, yana da dama ya koma gida, ba kuwa mai-ganin laifinsa. Amma ya koma Boga. Daga baya Tabaro ya ba da gaskiya, ya zama abokinsa.

An naɗa Apolo fasto a 1903, amma girma bai ɗauke shi daga hanya ba. Da tsufansa yana shiga kurmin Ituri wurin gajerun mutanen nan da maƙwabtansu suka rena, yana cin abincinsu, yana kwana cikinsu, yana koya musu. Ya mutu a Boga ran 30 ga Mayu, 1933. Ya roƙa a binne shi da kansa wajen kurmi, ba wajen ƙasarsu ba, domin aikin ya ci gaba can. Ekklisiyar Angilikan ta Kwango tana lissafa farkonta daga wannan mutum.

4. Mu fa?

Cikin ikilisiyoyinmu mutane sukan yi fushi domin ba a zaɓe su dattijo ba. Wani ya bar zuwa sujada wata uku saboda ba a kira sunansa ran baiko ba. Amma ran share ɗakin sujada, ko yaɓen rufin gwauruwa kafin damina, ko jinyar mara-lafiya wanda ba shi da dangi, sai a nemi mutane a rasa. Wanda ya kāsa ɗaukar tsintsiya ran Asabar, da wuya ya tsaya ranar da za a ce ya zaɓa tsakanin Yesu da gadon ubansa.

Akwai kuwa 'yan'uwa a cikinmu da aka kora daga gida, ko aka hana su gona, domin sun bi Almasihu. Nauyinsu yana wuyanmu. A ba su wurin kwana da iri, kada a sallame su da addu'a kaɗai.

Sai dai mu yi hankali. Manzo Bitrus ya gargaɗe mu cewa wahalar da mutum ya jawo wa kansa ta wurin sata ko shisshigi, ba wahala domin Almasihu ba ce. Idan ka zagi maƙwabcinka a kan addininsa ya kore ka, halinka ne ya kore ka. Mai-bi ba ya neman tsanani, ba ya ramawa, ba ya kuwa musun Ubangijinsa idan tsananin ya zo.

Tambayoyi domin taron tsakiyar mako

1. Don me sauran almajirai goma suka ji haushin Yaƙub da Yohanna?
2. Me wanke ƙafafun Yahuda ke koya mana game da waɗanda suka cuce mu?
3. Wane aiki ne cikin ikilisiyarku kowa ke gudu? Wa za ya ɗauke shi wannan wata?

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, ka cire mana son girma. Ka ba mu hannu mai-hidima, da zuciya mai-tsayawa ranar gwaji. Ka ƙarfafa 'yan'uwanmu da ke shan wuya saboda sunanka. Amin.