Kafin ka ɗaura wa ƙaramar tarakta kayan haidrolik

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, jama'a suka fara komowa gidajensu da gonakinsu, aikin da ya fi yawa a garejinmu da ke unguwar masana'antu ta Omdurman shi ne na ƙananan taraktoci, masu ƙarfin doki 30 zuwa 50. Dalilin a fili yake. Gonakin bakin Nilu a Tuti da Shambat da Jummu'iyya ƙanana ne, ana noma kayan miya da barsim da abu sab'in don shanun madara, babbar tarakta ba ta ma samun wurin juyawa. Ga shi kuma tarakta guda ita za ta yi huɗa, ta ja tirela, ta kwashe ɓaraguzan gini. Sai mai ita ya shiga kasuwa ya sayi duk abin da ya samu da araha, alhali yawancin kayan da ke yawo an ƙera su ne don manyan Massey Ferguson irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Giad, masu aiki a Jazira da Gadarif.

Tambayar da kowa ke yi ita ce doki nawa. Wannan lamba ta inji ce, kuma kayan haidrolik ba daga inji suke shan ƙarfi kai tsaye ba, daga famfo ne. Famfo kuwa abu biyu yake bayarwa: yawan man da yake turawa, wato lita nawa a minti, da kuma matsin man, wanda ake aunawa da bar. Matsi shi ke nuna nauyin da za a iya ɗagawa, yawan mai kuma shi ke nuna saurin ɗagawar. Lissafin ba wuya: ka ninka lita da bar, ka raba da 600, sai ka samu kilowat. Famfon da ke ba da lita 30 a kan bar 180 ya ba ka kilowat 9 ke nan, kusan doki 12. Ko da an rubuta 45 a jikin bonet, doki 12 ɗin nan su ne rabon duk abin da ka jona wa tiyo. A wasu taraktocin ma sitiyari yana cin nasa kason daga ciki.

A duba tirela mai juye kaya. Silinda mai faɗin milimita 80 a kan bar 170 tana turawa da ƙarfin tan takwas da rabi, saboda haka za ta ɗaga. Amma idan tafiyarta santimita 60 ce, sai ta sha lita 3, kuma famfo mai lita 20 zai cika ta cikin daƙiƙa 9. Wannan ba laifi. Matsalar tana zuwa ne da manyan tireloli masu silinda hawa-hawa, waɗanda ke shanye lita goma ko fiye. A yawancin ƙananan taraktoci man haidrolik da na giya tukunyarsu ɗaya ce, don haka duk lokacin da tirela ta miƙe, giya na juyawa da ƙarancin mai, famfo kuma ya fara zuƙar iska. Wannan kukan da ake ji kamar niƙa, famfo ne ke cin kansa.

Kayan da ke aiki da motar haidrolik mai juyawa ba tsayawa, irin su na'urar haƙa ramin dashe ko ta yankan ciyawa, sun fi kowa wahalar da ƙaramar tarakta, domin da yawansu suna neman lita 40 zuwa sama. Idan ba su samu ba sai su yi ta jan jiki, man kuma ya ɗau zafi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, man bai da nisa kafin ya haura 80, inda yake tsinkewa, sil-sil su bushe su fara yoyo. Ƙurar guguwar habub kuma tana shiga ta bakin tiyon da aka bari a buɗe a ƙasa, ta tafi kai tsaye cikin bawul. Murfin roba na bakin tiyo kuɗinsa bai kai na shayi biyu ba, amma da wuya in ga taraktar da ta zo da shi.

Daga nan ne ake zuwa mini da buƙatar da ba na biya. "Usta, ɗan ɗaure mata bawul ɗin ta ƙara ƙarfi." Bawul ɗin da ake nufi shi ne mai sakin matsi idan ya wuce ƙima, kuma masu ƙera taraktar sun saita shi daidai da abin da famfo da tiyo da ƙarfen baya za su jure. Akwai masu ɗaurewa a bakin titi, kuma gaskiya ne tarakta za ta ɗaga abin da ta kasa jiya. Bayan 'yan makonni sai famfo ya fashe ko hannun ɗagawa ya karye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tiyo: man da ke fita ta ƙaramin huji a irin wannan matsi yana huda fata ya shiga nama. Kada wanda ya nemi yoyo da tafin hannu, a sa kwali. Wanda man ya shige shi kuma asibiti ne nan take, ko da raunin bai kai ƙwayar gero ba.

Sai nauyi. Tsarin ƙugiya uku na bayan tarakta, wanda Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, yana da aji-aji. Fil ɗin ƙasa na aji na ɗaya milimita 22 ne, na aji na biyu 28. Idan ka ga sai an kai garma wurin mai walda kafin ta shiga, to tun asali ba ta taraktarka ba ce. Nauyin da takarda ke cewa tarakta na ɗagawa kuma yawanci a bakin hannuwa aka auna shi. A santimita 61 daga nan lambar ta ragu sosai, garma mai faifai uku kuwa nauyinta can baya yake. Dole aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyin tarakta ya zauna a kan ƙafafun gaba, in ba haka ba sitiyari ya zama ado, a kan gaɓar kogi kuma wannan kifewa ce. A baƙar laka ta yankinmu, wadda ke tsagewa da rani ta yi tauri, ni faifai biyu nake ba mai doki 45 shawara, ko da maƙwabcinsa na jan uku a jigawa. Mai loda a gaba shi ma ya rataya nauyi a baya, ya riƙa tafiya da cokali ƙasa-ƙasa.

Alhaji, kafin ka biya kuɗin kowane kaya, ka nemi lambobi uku daga mai sayarwa: lita nawa yake sha, bar nawa, kilo nawa ne nauyinsa. Ka kawo taraktar a ɗaura mata ma'auni bayan man ya yi ɗumi, domin tsohon famfo ba ya ba da abin da littafi ya ce, kuma da sanyin safiya kowane famfo lafiyayye ne. Idan lambobin ba su haɗu ba kuma aikin ya zama dole, akwai famfo na daban da ake ɗaurawa a shaf ɗin baya mai juyi 540 a minti, da tankinsa da matacinsa. Shi yana ɗaukar ƙarfi daga inji kai tsaye, ya bar man giya a inda yake.